Na Haɗa Gem, Amma Kowa Ya Buga Sau Ɗaya Sai Ya Goge

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na shafe wata huɗu ina haɗa gem na waya, na wani yaro da ke gudu yana tsallake ramuka. Zanen ya yi kyau, har kiɗa na sa. Amma duk wanda na tura wa sai ya buga sau ɗaya ko biyu ya goge. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tunda zane da kiɗa ka fara ambata, ina zargin ka fara ado ne kafin ginin ya tsaya. Abin da ke riƙe mai wasa shi ne ɗan aikin da yatsansa ke maimaitawa kowane lokaci. A naka gem ɗin, tsallen ne. Idan tsallen bai da daɗi, ko ka zuba matakai ɗari ba wanda zai kai na uku.

Dubi Flappy Bird da Dong Nguyen ɗan ƙasar Biyetnam ya fitar a 2013. Zanensa ba wani abin a-zo-a-gani ba ne: ka taɓa fuskar waya, tsuntsu ya ɗaga, ka wuce tsakanin bututu biyu. Amma da ka faɗi, nan take za ka sake farawa, kuma ka san kai ne ka yi kuskure. Mutane suka nace masa har mai shi ya janye shi a Fabrairun 2014, yana cewa ya zame wa jama'a jaraba.

To ga abin da za ka yi. Cire zanen gaba ɗaya, ka mayar da yaron ɗan akwati, ƙasa kuma layi guda. Miƙa wa wanda ba ya jin nauyinka, don abokai kara za su yi maka su ce ya yi kyau. Kada ka yi masa bayani. Tsaya a bayansa ka zuba wa babban yatsansa ido. Idan ya danna ya sake dannawa da ƙarfi, tsallen na makara ke nan. Gem mai nuna hoto 60 a daƙiƙa yana da kusan milidaƙiƙa 17 kacal (wato kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa) a kan kowane hoto, kuma a ƙaramar waya ake gane ko ka cika wannan, ba a kwamfutarka ba. Idan kuma ya faɗa rami ya yi tsaki ya ce "ai na danna!", yi masa rangwame: bar tsallen ya yi aiki ko da ƙafar yaron ta ɗan wuce bakin ramin. Masu irin wannan gem da yawa na yin haka a ɓoye, mai wasa kuma sai ya ɗauka gwanintarsa ce.

Ramin farko ya zama ƙarami. Matakin farko na Super Mario Bros. na 1985 yana koya wa mutum tsalle ba tare da rubuta masa umarni ba, shi ya sa har yau masu wannan sana'a ke nazarinsa.

Tambaya: Malam, talla nawa ya dace a sa a cikin gem?

Amsa: Wurin da ka sa ta ya fi yawanta muhimmanci. Tallar da ke faɗowa daidai lokacin da mutum ya faɗi yana ɗokin sake gwadawa, ita ke kai hannunsa ga gogewa. Gara wadda shi ya zaɓa: ya kalli bidiyo, a ƙara masa rai guda. Akwai kuma salon Candy Crush Saga na 2012, rai biyar, kowane yana dawowa bayan minti 30, mai gaggawa ya biya. Yana kawo kuɗi, ba musu, amma ni ba zan ba sabon shiga shawararsa ba. Sai gem ya kama mutum sosai kafin ya yarda ya jira rabin awa.