Fom yana cewa an karɓa, amma sunayen ba sa shiga Mailchimp

Wa alaikumus salam, Malama. Kamar yadda na fahimci bayaninki, shafinki na WordPress ne, mutum yana cike fom ya danna, koren rubutu ya fito cewa an karɓa, amma in kika leƙa Mailchimp, wato kamfanin da ke riƙe miki jerin masu rajista don aika musu imel, ba kowa a jerin. Kin ce kin cire fulogin, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa fom ɗin da Mailchimp, kin mayar, kin sauya mabuɗin API, wato lambar sirrin da shafinki ke shiga asusunki na Mailchimp da ita, har kin fara tunanin komawa wani kamfanin aika imel. Don Allah ki dakata da sauye-sauyen nan tukuna. Duk abin da kika taɓa ba tare da kin san inda saƙon yake maƙalewa ba, ƙara wa kanki aiki kike yi, kuma ko da ya gyaru ba za ki san me ya gyara shi ba.

Abu na farko, kada koren rubutun nan ya ruɗe ki. A yawancin fulogin, ma'anarsa kawai ita ce shafinki ya karɓi abin da aka rubuta. Miƙa shi ga Mailchimp aiki ne na biyu da ake yi a bayan fage, kuma in an ƙi karɓa a can, fom ɗin ba lallai ya faɗa wa kowa ba. Kamar ki ba ɗan aike wasiƙa ne ya ce miki to, ki ɗauka har ta isa hannun mai ita. To aikinki yanzu shi ne ki bi sawun saƙon: ya bar burauza? Ya isa sabar shafinki, wato kwamfutar da shafin yake zaune a kanta? Sabar ta kira Mailchimp? Wace amsa aka ba ta? Amsar tana nan a rubuce, sai dai a je a karanta.

Amma kafin nan, da wane adireshin imel kike gwaji? Na yi wannan tambayar ne domin a ayyukan da suka biyo ta hannuna, sau da yawa fom ɗin lafiyarsa ƙalau, adireshin gwajin ne matsalar. Mai shafi yakan yi ta gwadawa da imel ɗinsa guda ɗaya, ya goge shi daga jerin, ya sake gwadawa. Mailchimp kuwa ba ta mantuwa. In adireshin yana cikin jerin tun da, wasu fulogin sukan samu amsar "Member Exists", ba abin da zai ƙaru. In an taɓa goge shi gogewa ta dindindin, amsar ita ce "Forgotten Email Not Subscribed", kuma ta hanyar API ba zai koma ba, sai mai adireshin ya yi rajista da kansa ta fom ɗin da Mailchimp take samarwa. In ya taɓa danna mahaɗin ficewa, ko saƙonni sun sha dawowa daga gare shi, za a ce yana "Compliance State". In kuma kika yi ta saka adireshi ɗaya a jeri daban-daban cikin ɗan lokaci, sai a dakatar da shi na wani lokaci. Su kuma adiresoshin ƙarya irin su test@test.com, kai tsaye ake korarsu da cewa sun yi kama da na bogi.

Mafita a nan mai sauƙi ce. In kina da Gmail, ki ƙara alamar tarawa da wata kalma bayan sunanki, kafin alamar @, misali sunanki+gwaji1, gwaji na gaba sunanki+gwaji2. Saƙon zai shigo akwatinki ɗaya, amma a wurin Mailchimp kowanne sabon mutum ne. Ki yi gwajin a ɓoyayyiyar taga ta burauza, ba ki shiga shafin a matsayin mai gudanarwa ba, domin abin da baƙo yake gani daban ne da abin da ke kike gani.

Daga nan sai ki duba ko kin kunna tabbatarwa sau biyu. In a kunne take, wanda ya cike fom ba ya bayyana a jerin masu rajista sai ya buɗe imel ɗin da aka tura masa ya danna maɓallin tabbatarwa. Kafin nan yana matsayin mai jira ne, ba za ki gan shi a teburin ba. Bayan gwaji ki leƙa akwatin sifam da sashen tallace-tallace na Gmail. In kika tarar da saƙon a can, to haɗin yana aiki, mutanenki ne ba sa ganin saƙon tabbatarwar. Za ki ji wasu suna cewa ki kashe ta kawai ki huta. Ni ban goyi bayan haka ba. Ki kashe na ɗan lokaci don gwaji, wannan ba laifi, amma ki mayar. Ita ce take tare adireshin da aka rubuta ba daidai ba, da na'urorin da ke cike fom da kansu, da kuma masu saka imel ɗin wani ba da saninsa ba. Abin da ya fi shi ne ki gyara rubutun da ke fitowa bayan an danna, ya ce wa mutum ya je akwatinsa ya tabbatar, in bai gani ba ya duba sifam.

In sabon adireshi bai shiga ba, saƙon tabbatarwa ma bai zo ba, to yanzu ne za a buɗe kundin kurakurai. In fulogin ɗinki MC4WP ne, wato Mailchimp for WordPress, yana da nasa kundin a cikin saituna, ki sa shi ya rubuta komai, ki sake gwaji, ki karanta layin ƙarshe. Sauran fulogin ma galibi suna da irinsa, sai dai a kunna. Lamba za ki gani da ɗan bayani, kuma lambar kaɗai ta rage miki rabin aiki.

In 401 ce, mabuɗin ne. Ki duba ƙarshensa: kowane mabuɗin Mailchimp yana ƙarewa da ɗan layi da sunan cibiyar da asusunki yake, kamar -us6 ko -us21. In wajen kwafa aka yanke wannan wutsiyar, ko wani fili ya maƙale a gaba ko baya, ba zai yi aiki ba. Akwai kuma wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba: mabuɗin yana rataye ne da mutumin da ya ƙirƙire shi. In wanda ya gina miki shafin ne ya samar da shi da nasa sunan, daga baya kika cire shi daga asusun, mabuɗin ya mutu tare da fitarsa. Shi ya sa za ki ji an ce fom yana aiki lafiya sai rana ɗaya ya tsaya ba wanda ya taɓa komai.

In 404 ce, ana neman jerin da babu shi. Tun 2019 Mailchimp ta daina kiran jerin da List ta koma Audience, kuma kowanne yana da lambar shaidarsa a cikin saitunansa, haruffa da lambobi a gauraye. Ba ita ce lambar da kike gani a adireshin shafin can sama ba, wannan daban ce, kuma mutane da yawa ita suke kwafowa. In kin taɓa goge jeri kika buɗe sabo da suna iri ɗaya, fom ɗin yana nan yana aika wa tsohon. Ki sa fulogin ya sabunta jerin, ki sake zaɓa.

400 ita ce wadda na fi zargi a lamarinki, kuma a nan zan ɗan daɗe. Ma'anarta an ji kiran, an gane mabuɗin, amma abin da aka kawo bai dace ba. Kowane gurbi a jerin Mailchimp yana da alamarsa: EMAIL, FNAME na sunan farko, LNAME na sunan ƙarshe, PHONE, ADDRESS, BIRTHDAY. Dole kowane gurbi na fom ɗinki ya san wanne zai zuba wa. In a can an sa wani gurbi ya zama tilas, fom ɗinki kuma bai aiko da shi ba, ba wai za a karɓi mutum a bar gurbin fanko ba ne, gaba ɗaya za a ƙi shi.

Na taɓa duba shafin wata ƙungiya mai irin wannan matsalar. Fom ɗinsu gurbi biyu ne kawai, suna da imel. Da muka buɗe kundin, layi bayan layi abu ɗaya ne: 400, "Your merge fields were invalid", a ƙarƙashi an rubuta LNAME, "Please enter a value". Ashe wani daga cikin ma'aikatansu ne ya shiga yana gyara jerin, ya sa alamar tilas a gaban sunan ƙarshe, da niyyar bayanai su cika. Tun daga ranar ba wanda ya sake shiga, alhali kullum fom yana yi wa mutane godiya. Cire alamar nan guda ɗaya aka yi, gwaji na gaba ya shiga nan take. Abin da ya dame ni shi ne mutanen da suka yi rajista a tsakanin, da zuciya ɗaya suka ba da adireshinsu, suna jiran saƙon da ba zai zo ba, kuma ba a ajiye sunansu a ko'ina ba.

Ki lura da tsarin gurbin ma. BIRTHDAY wata da rana kawai yake karɓa, ba shekara. ADDRESS kuwa yana son layi, gari, jiha da lambar gidan waya kowanne daban, in aka jefa masa adireshi a dunƙule sai ya ƙi. Gurbin zaɓi dole kalmar da fom ya aiko ta zo daidai da wadda ke can, harafi da harafi. Shawarata, ki rage fom ɗin ya koma imel kaɗai, ki cire tilas daga komai, ki gwada. In ya shiga, ki riƙa mayar da gurbi ɗaya-ɗaya har ki kama mai laifin.

To in kundin fanko ne fa, ba a ma yi kiran ba? Sai a koma baya. Ki danna F12 a kwamfuta, ki buɗe sashen Network, ki cike fom ki danna, ki ga layin da ya fito. In ja ne da 403, galibi fulogin tsaro ne ko katangar kamfanin hostin, wato masu riƙe miki sabar, take tare shi. Wani lokaci kuma ma'ajiyar wucin gadi ce, wato cache, inda ake ajiye kwafin shafi don ya buɗe da sauri: WordPress tana saka wata alamar tsaro a fom wadda ba ta wuce awa 24, in an daskarar da shafin ya fi haka, baƙo zai riƙa aikawa da alamar da ta mutu. Irin wannan ne ke sa fom ya yi aiki yau, gobe ya ƙi, ya kuma yi miki aiki ke da kike ciki amma ya ƙi wa baƙo. Ki share ma'ajiyar, ki cire shafin fom ɗin daga cikinta. In da fulogin fom na Contact Form 7 kike aiki, launin da ya kewaye saƙon yana magana: kore an aika, rawaya akwai gurbin da ba a cike daidai ba, ruwan lemo an ɗauke shi a matsayin sifam, ja kuma aikawa ta gaza. Ruwan lemo yakan nuna mabuɗan reCAPTCHA, wato abin da ke tantance mutum daga na'ura, ba na wannan domen ɗin ba ne, wato sunan adireshin shafinki.

In kuma kika ga "cURL error 28", sabarki ta yi kira ba ta samu amsa a kan lokaci ba. "cURL error 60" kuwa matsalar takardar shaidar tsaro ce a sabar. Waɗannan biyun ba naki ba ne, ki kwafi layin ki tura wa masu hostin, ki ce su duba ko an toshe kira mai fita zuwa api.mailchimp.com.

Game da komawa wani kamfani, ba zan hana ki ba in kina da wani dalilin daban, amma ba don wannan ba. Brevo, wadda aka sani da Sendinblue kafin 2023, da Kit, wadda ita ce ConvertKit kafin 2024, dukansu da mabuɗi da gurabe suke aiki. In gurbi ne bai dace ba ko sabarki ce take toshewa, matsalar za ta bi ki can.

Idan sunaye suka fara shiga, akwai abu biyu da nake roƙon ki yi a ranar. Na ɗaya, ki sa fom ya riƙa ajiye kwafin duk wanda ya cike a cikin shafinki. Ga masu Contact Form 7 akwai fulogin Flamingo, don shi Contact Form 7 ɗin ba ya ajiyewa. Ki kuma duba ko fulogin ɗinki ya riga ya ajiye na baya. In ya ajiye, waɗanda suka nuna amincewarsu za ki iya shigar da su, amma wanda ya fice da kansa ki ƙyale shi, kada ki nemi dabarar mayar da shi. Na biyu, ki tabbatar da domen ɗinki a Mailchimp. Tun watan Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗa kan SPF, DKIM da DMARC, wato hanyoyin shaida cewa saƙo daga domen ɗinki ya fito, musamman ga masu aika saƙo kusan 5,000 ko fiye a rana, kuma ko ba ki kai haka ba, aikawa da adireshin da ke ƙarewa da gmail.com ta hanyar wani kamfani yana iya jefa saƙo cikin sifam. Ki yi amfani da adireshin domen ɗinki.

In kin bi waɗannan abin bai warware ba, ki turo sunan fulogin ɗin, da layin ƙarshe na kundin kurakurai, da hoton guraben jerinki inda ake ganin waɗanda aka sa wa tilas. Ki rufe mabuɗin API da adiresoshin mutane kafin ki ɗauki hoton, domin duk wanda ya samu mabuɗin nan ya samu hanyar shiga bayanan asusunki. In kin riga kin nuna shi a wani wuri, ki soke shi yau ki samar da sabo. Allah Ya sa a dace.