Karatu ta waya daga Gadarif: har yanzu ni ɗalibin jami'a ne?

Ƙanena, ka ce tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum a Afrilun 2023 ka dawo gida Gadarif, lacca sai ta WhatsApp da Telegram, har kana jin nauyin kiran kanka ɗalibi.

Ɗalibi ne kai mana. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Sudan da aka kafa a 2002 ai daga nesa take koyarwa, kuma ba wanda ya ce ɗalibanta 'yan rakiya ne.

Abin da ke damunka, a ganina, kaɗaici ne. Mutum na zaure shi kaɗai yana sauraron muryar malami, caji na ƙarewa, Inna na ƙwala masa kira ya ɗebo ruwa, dole ya ji kamar an cire shi daga aji. Ka tambaya a rukunin ajinku su wa ke Gadarif, ko da 'yan wani sashe ne. Ku tsayar da rana guda a mako, bayan la'asar, wajen mai shayi ko harabar masallaci, ku bi laccar tare. Mutanen gida kuma, liƙa musu jadawalinka a ƙofar ɗaki. Aike zai ragu, ban da na Inna.