Zan Iya Karanta Harkar Fim a Jami'a a Nan Kamaru?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na ci jarrabawar bak ta kammala sakandare a bana, kuma burina shi ne in karanta harkar fim da yaɗa labarai a jami'a. Baba ya ce bai ga dalilin kashe kuɗi shekara uku a kan sana'ar da samarin Kano suka koya a lokeshin ba tare da takarda ba, ya fi son in karanta shari'a. Shin ana koyar da wannan fanni a ƙasarmu, kuma me zan faɗa masa? Daga wani ɗalibi a Garwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗana, Allah ya sa albarka a wannan nasara. Ana koyar da shi, amma fim da yaɗa labarai ba ƙofa ɗaya ake shigarsu ba, saboda haka sai ka fara tantance wanda kake nufi.

Idan aikin jarida, rediyo da talabijin ne a ranka, makarantar da ta yi suna ita ce ESSTIC da ke Yawunde, wadda take ƙarƙashin Jami'ar Yawunde ta Biyu, kuma asalinta ya koma shekarar 1970. Ba a shigarta sai da konkur, wato jarrabawar neman gurbi, guraben kuma kaɗan ne, don haka wanda Faransancinsa ko Ingilishinsa bai zauna a rubuce ba, gara ya fara gyara tun yanzu. Idan kuwa fim ɗin kansa kake so, Jami'ar Yawunde ta Ɗaya tana da sashen wasan kwaikwayo da silima. Digirin farko, wato lisans, shekara uku ne, kuɗin rajista a tsangayoyin jami'o'in gwamnati kuma sefa 50,000 ne a shekara. Abin da zai fi cin aljihun mahaifinka shi ne ɗakin haya da abinci da kuɗin jirgin ƙasa daga Ngaundere, ko da yake ɗan Arewa ba ya rasa wanda zai sauke shi a unguwar Briqueterie kafin ya samu wurin kansa.

Maganar Baba tana da ƙamshin gaskiya, kuma ban so ka yi mata gardama. Masana'antar finafinan Hausa da ta tashi a Kano tun 1990 ba 'yan jami'a ne suka gina ta ba. Haka kuma kada ka ɗauka ranar da ka shiga aji za a miƙa maka kyamara, domin yawancin abin da za ka tarar karatu ne: tarihin silima, nazarin labari, yadda ake rubuta shi fitowa bayan fitowa, da dokokin haƙƙin mallaka. Kayan aiki ba sa isar ɗalibai, wanda ya zauna jiran na makaranta kuwa zai iya kammala lisans bai taɓa tace hoton minti biyar ba. Amfanin jami'a, a ganina, yana wajen rubutu da tsari, wato iya zama a gina labarin da ba zai ruguje a tsakiya ba, da iya rubuta takardar neman tallafi da kasafin kuɗinta. Wannan yana da muhimmanci a ƙasar da gidajen silimarta uku na ƙarshe suka rufe a 2009, sai a 2016 aka sake buɗe wani a Yawunde, abin da ke nuna cewa kuɗin tikiti ba zai riƙe mai shirya fim ba. Maƙwabcinmu Mahamat-Saleh Haroun, ɗan Abeche a Chadi, wanda ya samu kyautar alƙalai a bikin finafinai na Cannes da ke Faransa a 2010, fim ya karanta a Paris, sannan ya ƙara da aikin jarida a Bordeaux, kuma da jaridar ya ci abinci kafin fim ya karɓe shi.

Kafin a koma makaranta, ɗauki wayarka ka je bakin kogin Binuwai ko babbar kasuwa, ka nemi izinin wani mai sana'a ka ɗauke shi yana aiki yana bayani. Da ka dawo gida ka kunna, za ka ji ƙarar babura ta cinye muryarsa, ka ga ranar tsaka ta mayar da fuskarsa duhu a ƙarƙashin hula. Ka koma da hantsi ko bayan la'asar, ka matso da wayar kusa da bakinsa, ka sake. Wanda ya iya Hausa da Fulatanci da Faransanci yana da abin da abokan karatunsa na Kudu ba su da shi, domin tashoshin CRTV (gidan rediyo da talabijin na ƙasa) na Garwa da Marwa da Ngaundere da gidajen rediyon al'umma duk suna shirye-shirye a harsunan gida, kuma can ne ya kamata ka nemi staj, wato koyon aiki, lokacin hutu.

Shi kuwa Baba, kada ka tunkare shi da kalmar ɗan fim, wadda ka san nauyinta a kunnen dattawanmu. Ka samu kawunka ko wani malami da yake jin maganarsa, ku je tare, ka nuna masa sunan makarantar da kuɗinta da ayyukan albashi da takardar ke buɗewa. Idan ya tsaya a kan shari'a, ka yi rajistarta, ka kuma roƙe shi ya bar ka ka rubuta konkur ɗin ESSTIC a shekarar, tunda ɗaya ba ya hana ɗaya.