Rikicin Goge Saƙo a Zauren Unguwa

Tambaya: Ni ne mai kula da zauren WhatsApp na unguwarmu. Na goge saƙon wani maƙwabci da ke cewa turakun sadarwar 5G na haddasa cututtuka, sai ya zarge ni da danniya, har wasu suka mara masa baya. Shin na yi daidai?

Amsa: Malam, ka yi daidai da ka goge saƙon, domin irin wannan jita-jita ce ta kai ga ƙona turakun sadarwa a Birtaniya a shekarar 2020, lokacin da wasu suka alaƙanta 5G da cutar korona, alhali cutar ta yaɗu har a ƙasashen da ba su da wannan fasaha. Sai dai gogewa ba tare da bayani ba takan ƙara wa mai yaɗa labarin ƙarfin gwiwa, tunda dama da'awarsa ita ce ana ɓoye wa jama'a gaskiya. Abin da ya dace shi ne ka same shi a keɓe ka bayyana masa dalilinka, sannan ku rubuta ƙa'idojin zaure da kowa zai amince da su, ku kuma ƙara masu kula biyu ko uku don kada hukunci ya riƙa fitowa daga mutum ɗaya.