Yadda ake kafa wa kare shinge a kan daɓen kankare

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da babban kare, tsakar gidana kuma duk daɓen kankare ne, babu inda zan haƙa ramin turke. So nake in killace masa gefe guda da waya. Zai yiwu ba tare da na farfasa daɓen ba? Kuma yaya zan yi kada ya tsallake?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Zai yiwu sarai, Malam. Daɓen ma ya rage maka aiki, tunda kare ba ya iya tona kankare ya bi ta ƙasa. Inda aikin yake shi ne gindin turke.

Kafin ka sayi komai, fara sanin kaurin daɓen. Huda shi a wani lungu, ka zura waya ka auna. Idan ya kai santimita 10, za a iya ɗaure turke a kansa. Idan kuwa ɗan shafe ne aka yi wa ƙasa, santimita 4 ko 5, kada ka wahalar da kanka, noti ba zai kama ba. Sai dai ka fasa gurbin kowane turke, ka haƙa rami mai zurfin kamar santimita 60, ka kafa shi cikin sabon kankare. In kuma daɓen sabo ne, bar shi ya cika kwana 28 tukuna.

To, a ce kaurin ya isa. Mai walda zai liƙa wa gindin kowane turken ƙarfe faifai mai kauri, mai huji huɗu. Ka ɗora shi inda kake so, ka yi alama, ka huda da injin huda mai bugu, ka sa noti mai kaurin milimita 10 ko 12, irin wanda ke buɗewa a cikin rami in an ɗaure shi. Abin da masu aiki suka fi rainawa a nan shi ne ƙura. Garin simintin da ya kwanta a ramin yakan hana noti kamawa, don haka a goge, a hure, a sake gogewa. Kada ka matsa bakin daɓe, bar aƙalla santimita 10 zuwa 15, domin notin da ke buɗewa yana iya ɓalle gefen gaba ɗaya. In dole sai kusa da baki, gara ka dasa ƙarfe mai zare da gam ɗin ifoksi, shi ba ya tura kankare. Ka kuma tabbatar babu bututun ruwa ko wayar lantarki a ƙarƙashin inda za ka huda.

Me ya sa nake nanata gindi? Idan kare mai kilo 35 ya daka tsalle ya dafe saman turke, tsawon turken ne ke ninka ƙarfin, ya riƙa ɗaga notin kamar ana zare ƙusa da bayan guduma. Yau kaɗan, gobe kaɗan, sai ka ga turke yana rawa. Shi ya sa tazarar turaku kada ta wuce mita 2 zuwa 2.5, na kusurwa da na ƙofa kuma a yi musu tokara.

Tsayi, ga babban kare, mita 1.8. Ni ba na ba da shawarar wayar nan mai saƙa da ke lanƙwasa, don kare mai wayo yana sa ƙafa a idonta ya hau kamar tsani. Raga mai walda, mai ƙananan idanu, ta fi. In gwanin hawa ne, a karkato saman shingen ciki, ɓangaren da karen yake. Daga ƙasa a gitta ƙarfe a ɗaure ragar a jiki, a bar ɗan sarari da bai kai santimita 5 ba don ruwan wanki ya wuce.

Ƙofa kuwa, ta nan akasari ake kuɓucewa. Karnuka da yawa sukan koyi ɗaga sakata da hanci, saboda haka sa wadda ake maƙala wa kwaɗo.

Fitsarin kare yana cin ƙarfe, kuma a gindin turke yake yin sa, daidai kan notin da muka sha wahala a kai. Sayi ƙarfe mai rufin tutiya, ka shafa fentin hana tsatsa a wurin walda, ka riƙa ɗauraye wurin. Sannan ka yi masa rumfa da katakon kwanciya a ciki, domin kankare in ya sha rana yana ƙona tafin ƙafarsa.