Amsa: Kai kwantenar Docker wata kwamfuta a cikin fayil

Malam, ka ce kana son ajiye kwantenarka ta Docker (manhajar da ke gudanar da shirye-shirye a cikin keɓaɓɓun akwatuna da ake kira kwantena) a fayil ka tayar da ita a wata kwamfutar da ba ta da intanet. Fara da docker commit ka mayar da kwantenar imej (wato kwafinta da ake tayar da sabuwar kwantena daga gare shi), sannan ka buga docker save -o manhaja.tar da sunan imej ɗin. Zuba fayil ɗin a filash, idan ka isa can sai docker load -i manhaja.tar. Ina ba ka shawara ka bar docker export. Shi fayilolin ciki kawai yake kwashewa, ya zubar da CMD da ENTRYPOINT da ENV (saitunan da ke gaya wa kwantena yadda za ta tashi), sai ka dawo da ita ta ƙi tashi.

Amma fa ka kula, duk hanyoyin nan babu wadda ke ɗaukar abin da ke cikin volume, wato ma'ajiyar bayanai da Docker ke ajiyewa a wajen kwantena. Ni kaina na taɓa kai kwantenar PostgreSQL (manhajar rumbun bayanai) wani ofis haka, ta tashi lafiya lau, amma babu bayanin ko mutum ɗaya a ciki. Idan taka na da rumbun bayanai na PostgreSQL, fitar da bayanan daban da umarnin pg_dump, ka haɗa su a filash ɗin kafin ka kama hanya.