Me ya sami motocin Jamus, kuma da gaske masu tuƙa su 'yan girman kai ne?

Tambaya: Ina jin labari wai kamfanonin motocin Jamus sun shiga matsi. Ko mutane ne suka gaji da girman kan masu hawa Marsandi da BMW har suka rage saye? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, matsin gaskiya ne, amma tushensa yana ƙasar Sin. Shekara da shekaru a can Volkswagen da Marsandi da BMW suka yi ta kwasar riba mai tsoka. Da mutanen Sin suka karkata ga motocin lantarki, sai kamfanoninsu na gida suka yi wa Jamusawa fintinkau wajen batir da manhajar cikin mota, ga kuma araha. A 2023 BYD, wani kamfanin motocin lantarki na Sin, ya ture Volkswagen daga sahun farko a kasuwar Sin ɗin, wadda Volkswagen ya daɗe yana riƙe da kambunta.

A gida Jamus ma ba a samu sauƙi ba. Bayan Rasha ta kai wa Ukraine hari a 2022, iskar gas mai rahusa ta yanke, kuɗin wuta ya hau, albashi kuwa dama yana da tsada. A Disambar 2023 gwamnati ta janye tallafin sayen motar lantarki kwatsam, ciniki ya faɗi. Ni a ganina, raunin ya fara tun 2015, lokacin da aka kama Volkswagen da maguɗin gwajin hayaƙin dizal a motoci kusan miliyan 11. Abin ya ci musu sama da Yuro biliyan 30, kuɗin da ya kamata ya tafi ga sabuwar fasaha.

Batun direbobi kuwa, Jamusawa da kansu suna yin wannan tsegumi: wai mai BMW bai san sigina ba, mai Audi kuma sai ya manne maka a baya a babbar hanya yana walƙa fitila. Akwai ƙamshin gaskiya. Wani bincike a Jami'ar California da ke Berkeley a 2012 ya gano masu motocin tsada sun fi ƙin tsayawa wa mai tsallaka titi. To amma kusan kashi biyu cikin uku na sababbin motoci a Jamus da sunan kamfanoni ake yi musu rajista. Da yawa daga masu tuƙin nan ma'aikata ne da ke sauri zuwa wajen aiki, motar ma ba tasu ba ce.

Waɗanda nake tausaya wa su ne masu haɗa motocin. A Disambar 2024 Volkswagen ya yi yarjejeniya da ƙungiyar ƙwadago ta IG Metall kan rage guraben aiki fiye da 35,000 a Jamus kafin 2030. A gari irin Wolfsburg, hedikwatar Volkswagen, inda kusan kowane gida yake da mai ci daga masana'antar, har mai shagon burodi sai ya ji a jikinsa.